Shanun Dutsen Mesa: Yadda Ya Kamata a Kalli Zanen da Ke Wurin Tsafin Dā

Titin Maiduguri, wanda ya rabu da titin Zariya a wajajen Gyaɗi-Gyaɗi ya ratsa Tarauni da Hotoro da Mariri, shi ne ke kai matafiyi Wudil, daga can a miƙa zuwa Birnin Kudu, tafiyar kimanin kilomita 130 daga Kano. Mu da muke zaune a bakin wannan hanya mun san Birnin Kudu da tsohuwar kwalejinta ta gwamnati da babban asibitinta na tarayya. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a gefen garin akwai duwatsu masu ɗauke da zanen da ke cikin mafi daɗewa a tsohuwar ƙasar Kano, domin kafin a ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991 Birnin Kudu ƙasar Kano ce. Zanen shanu ne, an yi shi a jikin dutse, a wurin da mutanen garin suka daɗe suna ɗauka ba kamar sauran wurare ba. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, ba a fahimtar wannan zane sai an haɗa shi da dutsen da ke ɗauke da shi da al'adar da ta kewaye shi, kuma Musulmi yana iya yi masa wannan kallo na fahimta ba tare da imaninsa ya girgiza ba.

Duwatsun da aka fi ambata su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Wanda ya fitar da labarinsu ga duniyar masana shi ne Bernard Fagg, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, wanda sunansa ya shahara da gumakan yumɓu na Nok, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A 1955 ya lura cewa kusa da zanen akwai duwatsun da idan aka buga su da wani dutse sai su yi amo kamar na ƙarfe, jikinsu duk ya yi gurabu saboda yawan duka. Ya rubuta wannan a mujallar Man a 1956, kuma daga nan ne masana suka fara neman irin waɗannan duwatsu masu amo a sauran sassan Afirka da ma wajenta. Ba za a ce Fagg ne ya gano wurin ba, domin mutanen Birnin Kudu ba su taɓa ɓatar da shi ba. Abin da ya yi shi ne sanya shi a rubuce. Daga baya gwamnati ta sa waɗannan duwatsu cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma yanzu suna hannun hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta tarayya, wadda dokar 1979 ta kafa.

To, me ido ke gani? Shanu ne a tsaye, an zana su ta gefe, galibi da jan launi irin na jar ƙasa. Wasu an cike jikinsu da launi, wasu kuwa layin jikin kawai aka ja. Jikin dogo ne, ƙahonin sun fito sarai. Ba a zana ƙasar da suka taka ba, babu itace, babu rafi, babu sararin sama. Mai kallon da ya saba da zanen takarda zai ga kamar aikin bai ƙarasa ba, kamar dabbobin suna reto a iska. Ni ina ganin a nan gwanintar take. Mai zanen bai buƙaci ya zana wuri ba, tun da wurin yana nan da kansa: jikin dutsen shi ne ƙasa, rumfar dutsen da ta yi masa inuwa ita ce sama. Ya zubar da duk abin da ba dole ba, ya bar siffar da makiyayi ke gane saniyarsa da ita daga nesa, wato tsawon baya da lanƙwasar ƙaho da tsayuwar ƙafa. Wanda ya ja wannan layi ya daɗe yana kallon shanu, kallon mai so, ba kallon mai wucewa ba.

Akwai abin da Bahaushen yau zai lura da shi nan take idan ya natsu: yawancin shanun ba su da tozo. Shanun da muka sani, bunaji da rahaji da bokoloji, duk masu tozo ne, kuma asalin jinsin shanu masu tozo daga yankin Indiya yake, sun iso Afirka ta Yamma bayan marasa tozo sun daɗe a nan. Marasa tozon sun ja baya zuwa kudu, inda muturu ya wanzu saboda jurewarsa ga sammoren da ƙudan tsando ke yaɗawa, sai kuma shanun kuri masu kumburarren ƙaho a tsibiran tafkin Cadi. Ke nan dutsen ya adana mana hoton garken da ya riga garken da muke gani yau a wannan ƙasa. Wannan hujja ce ta tarihi mai nauyi, kuma ita ce ta fi jan hankalin masu binciken kayan tarihi. Amma tsayawa a kanta kaɗai tauye zanen ne, domin mai zanen bai hau dutse don ya bar wa masana rajistar dabbobi ba.

Don a gane bambancin wannan zane da zanen da makaranta ta saba mana da shi, yana da kyau a ajiye shi kusa da wani hoto da ya shafi wani dutsen tsafi, wato Dala. A watan Fabrairu na 1851 Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da aka sani a nan da Abdulkarim, ya hau Dala ya zayyana birnin Kano. Da ya koma Turai, mai zane Johann Martin Bernatz ya gyara zayyanar ta zama hoto mai launi a littafin tafiyar Barth da ya fara fitowa a 1857. Hoton yana da kyau: gidajen ƙasa, itatuwan dabino, fili mai faɗi har iyakar gani. Sai dai dutsen da littafin Tarihin Kano ya ce nan Barbushe, shugaban matsafa, yake zaune, a wannan hoto matakala ce kawai da aka hau don a hango wani abu dabam. Mai zanen yana waje, yana leƙen gari. Mai zanen Birnin Kudu kuwa yana ciki. Bai zana wurin ibada don a ɗauka a kai wata ƙasa a nuna ba, ya ƙara wa wurin wani abu ne da hannunsa, ya bar shi nan. Hoton Bernatz ana iya buga shi sau dubu bai rasa komai ba. Shanun Dutsen Mesa kuwa, da zarar an ɗauke su a hoton waya an raba su da rabin ma'anarsu.

Rabin da ke ɓacewa, na farko, shi ne amo. Zaman duwatsu masu amo kusa da zanen, a nan da wasu wurare irinsa a ƙasar Bauci, ya sa masana suka karkata ga cewa ido da kunne tare suke aiki a irin waɗannan wurare. A ƙaddara mutum yana tsaye cikin inuwar dutse, ana buga dutsen yana amsawa, amon yana komowa daga bango, ga jajayen shanu a gabansa. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da kiɗa ke yi a sha'anin tsafi, tun da ya san matsayin garaya da goge a wasan bori, ya san kuma kowane iska da irin taken da ake kiransa da shi. Kallon wannan zane shiru a shafin littafi kamar karanta kirarin sarki ne babu tambari, kalmomin suna nan amma abin da ke tayar da tsikar jiki ya tafi.

Na biyu shi ne al'ada. Masu bincike sun rubuta daga bakin mutanen Birnin Kudu cewa a dā akan kai amare ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu a lokacin biki, su da ƙawayensu. A nan dole a yi taka-tsantsan. Ba daidai ba ne a ce waɗanda suka yi zanen su ne suka kafa al'adar amare, domin tsakaninsu akwai zamani mai tsawo, kuma wata al'umma takan gaji wuri daga wata ta ba shi sabuwar ma'ana. Abin da al'adar ke tabbatarwa shi ne wurin bai mutu ba. Ya ci gaba da zama inda ake zuwa a lokacin da rayuwar mutum ke sauya mataki. Kuma wannan ba a Birnin Kudu kaɗai ba ne. James Vaughan ya bayar da rahoto a 1962 cewa a ƙasar Margi, a arewa maso gabashin Nijeriya, zanen dutse da duwatsu masu amo suna da alaƙa da bukukuwan shigar samari sahun manya da shirin aure. A ƙauyen Songo na Dogon, a Mali, har yanzu ana sabunta zanen wata rumfar dutse a lokacin kaciyar yara maza. A duk waɗannan wurare zanen ba ado ba ne, wani ɓangare ne na aikin da ake yi.

Tambayar da ke biyo baya ita ce mai wuya: shin shanun gumaka ne da aka bauta wa? Ra'ayina shi ne a'a, kuma dalilina daga abin da aka sani ne game da addinin gargajiya na wannan ƙasa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, kuma fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya siffanta wurin Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala, da itace da aka kewaye da gini, ba mai shiga sai Barbushe, jama'a kuwa suna kawo baƙaƙen dabbobi don yanka. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma wallafa bincikensa a 1946, ya tarar da tsari mai kama da haka: iskoki ba a ganinsu, mazauninsu itatuwa ne da duwatsu da rijiyoyi, ana yi musu yanka a gindin itace ko a wurin da aka keɓe a cikin gida. A irin wannan tunani, abin da ake tsoro ba shi da fuska. Dabba kuwa ita ce abin da ake bayarwa, ko abin da ake roƙo a samu. Idan aka kalli shanun Birnin Kudu da wannan ido, sai su zama ba abin bauta ba, su ne buƙatar da aka kawo gaban abin bauta. Wannan fahimtata ce, ba hukunci ba, kuma na gina ta a kan ƙiyasi tsakanin al'ummomin da ba lalle ne su zama ɗaya ba.

Ƙiyasin nan yana da haɗari, kuma an taɓa faɗawa cikinsa. Bayan da Henri Lhote ya kwafo zanen shanu na duwatsun Tassili a hamadar Aljeriya a 1956 da 1957, babban masanin nan Bafillace na Mali, Amadou Hampâté Bâ, tare da Germaine Dieterlen, sun wallafa a 1966 cewa suna ganin alamun tsohuwar al'adar Fulani ta wankan shanu a cikin wasu hotunan. Fassarar ta burge mutane ƙwarai, amma masana na baya sun yi mata suka mai ƙarfi, suna cewa dubban shekarun da ke tsakani sun fi ƙarfin irin wannan tsalle. Saboda haka ban yarda da masu gaggawar cewa zanen Birnin Kudu na Fulani ne don kawai shanu ne, ko na Hausawa ne don kawai a ƙasar Hausa yake ba. Na mutanen da suka riga mu zama a nan ne, kuma wannan ya isa ya sa ya zama amana a wuyanmu.

Abin da zanen ke faɗa game da ruhin ɗan Adam, a ganina, shi ne rauni da dogaro. Makiyayi a wannan yanki, jiya da yau, dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu, kuma fari ɗaya ko annoba ɗaya na iya share ta. Kakanninmu sun ga haka a annobar shanu ta wajajen 1890, wadda ta karkashe garkuna daga gabashin Afirka har zuwa nan, ta mayar da masu arziki matalauta cikin 'yan watanni. Mutumin da ke rayuwa a kan irin wannan gaɓa ya san cewa ƙoƙarinsa bai isa ba. Sai ya nemi wuri mafi ƙarfi da ya sani, wanda ruwa bai cinye shi, gara ba ta taɓa shi, ya ɗora siffar abin da yake tsoron rasawa a kai. Amaryar da aka kai gindin dutsen bayan ƙarnoni ita ma da irin wannan tsoro da fata ta je: haihuwa, zaman lafiya, gidan da ba ta san yadda zai karɓe ta ba. Mu mun yi imani sun kai kukansu inda ba a amsawa. Amma kukan kansa na gaskiya ne, kuma shi ne wanda muke kaiwa gaban Allah a sallar roƙon ruwa.

Na san akwai mai karatu da tun daga taken maƙalar ransa ya ƙi, kuma ban raina dalilinsa ba. Tarihin Musulunci a ƙasar nan tarihin yaƙi da irin waɗannan wurare ne. Tarihin Kano ya kawo yadda aka sare itacen tsafi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo Kano. Ya kawo labarin Dirki, abin tsafin da sarakunan Kano suke yi wa yanka, da yadda Sarki Alwali ya sa aka farke shi gab da jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga masu girmama itatuwa da duwatsu da yanka. Duk wannan gaskiya ne, kuma da a ce yau ana yanka wa Dutsen Mesa akuya, da maganar ta zama dabam. Amma abin da malamai suka yaƙa shi ne bauta, ba sani ba. Su kansu malaman Kano ne suka rubuta labarin Barbushe da Tsumburbura da Larabci suka adana shi, da sun ga sanin abin laifi ne da ba mu gaji sunayen ba.

A kan batun sura kuwa, sanannen abu ne a mazhabar Malikiyya cewa haramcin ya fi tsanani a kan siffar abu mai rai wadda ke da jiki cikakke har tana da inuwa, zanen da ke shafe a jikin bango ko tufa kuma hukuncinsa bai kai nan ba. Wannan ma a kan yin surar ne, ba a kan duban abin da waɗansu suka bari don ɗaukar darasi ba. Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Mai ja zai iya kawo hadisin Hijr, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai shiga gidajen Samudawa sai suna masu kuka. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta zo ne a kan mutanen da nassi ya tabbatar an aiko musu manzo sun ƙaryata an halaka su. Ba mu da nassi irin wannan a kan makiyayan Birnin Kudu. Abin da hadisin ke koya mana a nan shi ne ladabin shiga: a je da natsuwa da tunani, ba da shewa ba. Wannan kuwa shi ne ainihin kallon da nake kira a yi.

Kuma mu ba baƙi ba ne ga ƙarfin hoton wuri mai tsarki. A shiga falo ko shago a Tarauni, da wuya a rasa hoton Ka'aba ko koriyar ƙubbar Madina a bango, ko a bayan babur mai ƙafa uku. Ba wanda ke bauta wa takardar. Tana tsaye ne a madadin bege, tana tuna wa mai ita inda zuciyarsa ta nufa. Wanda ya san wannan a kansa yana da mabuɗin fahimtar abin da ya sa wani mutum, tun kafin hasken Musulunci ya iso nan, ya niƙa jar ƙasa ya tsaya gaban dutse. Ƙasar Hausa ta Musulunci ta mayar da basirar zanenta ga zayyanar Alƙur'ani da adon bangon soro da aikin wuyan babbar riga, inda layi da dagi suka maye gurbin siffar dabba. Gado ne mai daraja. Shanun Birnin Kudu suna nuna cewa hannun da ya iya jan layi a wannan ƙasa ya girme duk waɗannan.

Abin da ke barazana ga irin waɗannan wurare a yau ba gatarin mai wa'azi ba ne. Masu fasa dutse don tsakuwar gini ne, da hayaƙin wutar da ake hurawa a gindin dutse, da masu rubuta sunayensu da gawayi ko fenti a kan abin da ba su san darajarsa ba, da gine-ginen da ke matsowa. Wanda ya ga yadda gidaje da zaizayar ƙasa suka ci gefen Dala a tsakiyar birni, a idon kowa, ba zai yi zaton dutsen ƙauye ya tsira ba. Launin da ya jure rana da damina na ƙarnoni yana iya gogewa da hannun mai shafa shi da ruwa don hoto ya fito.

Kirana ga malaman tarihi da na Hausa da na zane a makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da sassan da abin ya shafa a Jami'ar Bayero, shi ne su sa Birnin Kudu cikin wuraren da ake kai ɗalibai, kamar yadda ake kai su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A je tare da malamin addini, a nemi jagorancin ma'aikatan hukumar da dattawan garin, a hana taɓa zanen, a kuma rubuta abin da tsofaffin matan garin suka riska game da al'adar amare tun suna raye. Tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo, kuma motar tana tashi ne daga ƙofar gidanmu.